Kyanwar Kaka da Ɗakin da Aka Kulle

Kaka, mahaifin Innata, ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar damina, aka kai shi makwanci bayan azahar. Da aka dawo daga maƙabarta, maza suka zauna a ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro, mata suka cika tsakar gida. Aikina shi ne zagayawa da ruwan sha. Duk wanda ya ce mini ya haƙuri, sai in ce da godiya, bakina yana amsawa shi kaɗai. Ban ji komai a raina ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne kofi ɗaya ya tsage a baki, ina ware shi gefe, ana mayar da shi cikin sauran.

Mahauta abokan sana'arsa sun zo kai tsaye daga mayanka. Sun yi wanka, sun sa fararen riguna, amma ƙamshin sabulu bai rufe na kitse ba. Wani tsoho a cikinsu ya ce Kaka yakan dubi saniya tana tsaye ya faɗi yadda hantarta za ta kasance, kuma in an buɗe haka ake samu. Dillalan shanu suka yi tasu ta'aziyyar da Fillanci, a hankali, suna kallon ƙasa. A cikin gida, Goggo, ƙanwar marigayin, ta riƙa maimaita wa duk wadda ta shigo cewa ya sha kununsa da safe, ya shanye tas, har ya ce tsamiya ta yi kaɗan. Akwai kuma wata mata Kirista mai sayar da gyaɗa a kasuwa, 'yar ƙasar duwatsu ce daga can arewa. Ta ajiye kwaryar gyaɗa a gaban Inna, ta zauna a bakin tabarma, ta ce duk kyanwoyin da ke tsare mata buhuna daga ɓera jikokin kyanwar gidan nan ne. Aka ce mata Allah ya ba da lada.

Kafin magariba Kaka Ƙarami ya shigo da kwaɗo da guduma. Ƙanin marigayin ne, shi ma mahauci. Bai shiga ɗakin yayansa ba. Ya jawo ƙofar, ya datse kwaɗon. A ƙasan ƙofar akwai wata huda da Kaka ya yanka da hannunsa don kyanwarsa, faɗinta bai wuce tafin hannu ba sosai. Kaka Ƙarami ya dube ta, ya nemo guntun katako, ya rufe ta da ƙusoshi huɗu. Sannan ya ɗaga murya yadda kowace mace za ta ji, ya ce ba mai shiga ɗakin nan sai Kawu, babban ɗan marigayin, ya dawo daga wajen Tcholliré inda ya je sayen shanu ruwa ya tare masa hanya. Ranar da ya iso za a buɗe a gaban kowa. Ya jefa makullin a aljihu ya fita.

Babu wanda ya yi mamaki. Lokacin da mahaifin su Kaka ya rasu, tun kafin a haifi Inna, barhonsa ya ɓace daga ɗaki, babbar wuƙar fawa da shi ma gado ya yi. Kaka ya zargi ƙaninsa, ƙanin ya zarge shi. Teburansu na nama suna maƙwabtaka a kasuwa, amma suka yi shekaru ba sa gaisawa. In ɗaya yana son ya gaya wa ɗayan cewa jininsa na gangarowa ƙarƙashin teburinsa, sai ya gaya wa mai sayen nama da ƙarfi. Ba su shirya ba sai ranar da kakata mace ta rasu, Kaka Ƙarami ya zo ya kama makara. Ba a taɓa ganin barhon ba. Tun daga nan duk wanda ya rasu a danginmu, shi ke kulle ɗakinsa, kuma duk wanda ya nemi a buɗe kafin lokaci, an san irin kallon da za a yi masa.

A kwanakin makoki kowa ya tuna Kaka mahauci. Ni wanda na sani wani ne daban, kuma ina tsoron in ban rubuta shi ba zai tafi tare da mamacin.

Kullum in ya tashi daga kasuwa yakan taho da ƙunshin saifa da huhu a ganye. Kyanwoyin unguwa sun san takunsa. Ba ya kiransu, ba ya shafa su sai sun nema. Yakan zauna a kan turmin da aka kifa, ya yanka naman ƙanana-ƙanana, yana yi musu faɗa kamar masu saye da suka raina masa nama. Tasa ta ɗaki guda ce, mai launi uku, fari da baƙi da ja. Bai raɗa mata suna ba. Ya ce ba ta nema ba.

Ni yakan kira ni Madam Lekol, wato uwargidan makaranta da Faransanci, saboda ko yaushe ina riƙe da littafi. Ina ƙarama, in an taru a gidan da salla, ’yan’uwana sukan bi kyanwar da gudu suna son su ɗauke ta, ita kuma ta tsallake su duka ta zo ta kwanta a kan ƙafata a lungun da na ɓuya. Wata rana ɗaya daga cikin ’yan’uwan ya ce don ni ma ba na magana ne, kurma ta sami kurma. Aka yi dariya. Kaka bai tsawata masa ba. Sai da kowa ya watse ya ce mini kyanwa ba ta son a zura mata ido, a wurinsu wannan neman faɗa ne, shi ya sa take zaɓar wanda ya kawar da kai. Ya nuna mini yadda ake gaishe ta: a dube ta kaɗan, a lumshe ido a hankali, a buɗe. Na yi, ta mayar mini. Ya ce to, yanzu na sami wadda zan riƙa gaisarwa ba tare da na buɗe baki ba, tunda bakin nawa tsada gare shi.

Da na shiga lise, babbar sakandare, na ware littafi guda don shi. A shafin hagu nakan rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faɗa, a na dama kuma abin da na samu a littattafan Faransanci. Ya ce kyanwa ba ta san daɗin sukari ba, ya gwada mini, ya zuba sukari a gefe ɗaya da guntun saifa a ɗaya gefen, ko shinshina sukarin ba ta yi ba. Littafi ya yarda da shi, harshenta ba ya jin zaƙi. Ya ce babbar kyanwa in an ba ta madara gudawa take yi, albasa kuma guba ce gare ta, don haka ba ya yarda a zuba mata ragowar miya. Ya ce ba ta son ruwanta kusa da abincinta, shi ya sa kaskon ruwan yake can bayan randa. Ya ce gumin kyanwa a tafin ƙafa yake, in ana zafin bazara in duba sawunta a kan siminti. Duk na duba, duk haka ne.

Sau ɗaya kawai muka saɓa. Ya ce duk kyanwa mai launi uku mace ce, babu muzuru mai launi uku a duniya. Na dawo na gaya masa littafi ya ce ana samu, amma da wuya ƙwarai. Ya tambaye ni ko mai littafin ya taɓa zuwa Garoua. Na ce ban sani ba. Ya ce to in ya zo ya taho da muzurun nasa, zai ba shi cinyar bijimi kyauta. Na rubuta wannan ma a shafin hagu.

Wannan ƙugin da kyanwa ke yi a ƙirji in ta kwanta, wuridi yake ce masa. Amma ya gargaɗe ni kada in ɗauka ko yaushe jin daɗi ne, ya ce ya ji tana yin sa tana naƙuda, ya ji wata tana yi bayan moto ya take ta. Game da kuka kuwa, ya ce manyan kyanwoyi ba su cika yi wa juna ba, mu suke yi wa, don sun gane mu ba ma fahimta sai an yi mana ƙara. Ban da kiran uwa ga ’ya’yanta, wanda yake da nasa amo, gajere, kamar tana tambaya.

Ganina da shi na ƙarshe makonni uku ne kafin rasuwarsa. Ya kama hannuna ya ɗora a cikin kyanwar, na ji motsi a ƙarƙashin fata. Ya ce cikinsu wata biyu ne da ’yan kwanaki, wannan saura kamar mako guda. Ya ce in dawo in ga yadda ake haifarsu ido a rufe, kunne a toshe, ba sa iya ko fitsari sai uwar ta lashe musu ciki. Na ce zan dawo. Ina shirin konkur, jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, sai na zauna a gidanmu ina karatu. Ban dawo ba sai da aka aiko cewa ya faɗi a bakin randa.

Ranar Talata ban ga kyanwar ba sam. Taron mutane ya kore ta. Da safiyar Laraba sai ga ta a bakin ƙofar da aka kulle, tana kuka, tana karce katakon da aka buga, ta zagaya bayan ɗakin ta dawo. Mata suka tsaya suna kallonta. Goggo ta fashe da kuka, ta ce ku dubi baiwar Allah, dabba ma ta san an yi rashi. Wata ta ce ai kyanwa tana ganin abin da ba ma gani. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai an nuna mata, a ce tun safe take nan tana neman maigidanta. Wata ta kawo mata madara a murfin kwano. Abin ya zama kamar wani ɓangare na makokin, kuma na ga yana sanyaya musu rai.

Ni kuma na ga cikinta ya faɗa. Da ta miƙe tsaye a jikin ƙofar na ga nonuwanta sun kumbura, gashin da ke kewaye da su ya kwanta. Tsakanin dogon kukan da take yi mana, tana sa baki a gefen katakon ta yi wani gajere. Na shiga ɗakin baƙi na ciro littafin daga jakata, na duba ranar da na rubuta maganar cikin, na lissafa. In Kaka ya yi daidai, ’ya’yan sun kai mako biyu.

Na ɗauki tsintsiya kamar zan share bakin ƙofar, na sunkuya. Na ji su. Siririyar murya, fiye da ɗaya, daga can ƙarƙashin gado.

Na sami Inna a madafa na gaya mata a kunne. Ta damƙe mini wuyan hannu har ya yi zafi. Ta ce in rufa mata asiri. Kawu ba ya nan, ita ce babba a cikin ’ya’yan marigayin da ke nan, in aka ji ’yarta ce ta fara neman a taɓa ƙofar nan, ba wanda zai yarda don kyanwa ne. Za a ce ita ta turo ni, kuma maganar za ta bi mu har jikoki, kamar ta barho. Ta ce ƙila Kawu ya iso gobe. Ta sake ni ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Na san inda gudumar take, a kan taga a zaure. Na san ƙusoshi huɗu ne. Amma in na cire katakon a ɓoye, abin da Inna ke tsoro ya tabbata ke nan. Saura in yi wa Kaka Ƙarami magana, mutumin da ban taɓa haɗa jimla biyu a gabansa ba. Sau biyu ya ratsa tsakar gida a ranar. Sau biyun na tashi, na tare shi, na durƙusa, na ce sannu Kaka. Ya ce yawwa, ya wuce. Na koma na wanke kofuna. Da la'asar na sake sharar bakin ƙofar, wurin da babu ko ƙwayar ƙasa, suna nan suna kuka. Na ci tuwo. Na amsa gaisuwa. Kawu ya bugo waya ya ce har yanzu motoci ba sa wucewa.

Alhamis ce ranar addu'ar uku. Tun da sassafe ake suyar waina, ana dakan gumba. Muryar kyanwar ta dushe, bakinta kawai ke buɗewa. Na sunkuya a ƙofar, sai da na daɗe kafin na ji wani abu. Da na ɗago, mai gyaɗar nan tana tsaye a bayana. Ta dubi kyanwar, ta dube ni.

"Wannan ba kukan mutuwa ba ne," in ji ta. "Ina ’ya’yan?"

Na kalli ƙofar. Sannan ta ce ita baƙuwa ce, ba ta da bakin magana a gidan nan, amma ni jikar gida ce.

Na karɓi faifan waina daga hannun wadda za ta kai waje, na fita da shi. Ƙofar gida ta cika fiye da ranar farko, tabarmi har bakin hanya. An shafa fatiha ke nan. Na ajiye faifan, na durƙusa a gaban Kaka Ƙarami, na yi magana. Bai ji ba. Ya ce in ɗaga murya, shi kunnensa ya tsufa. Sai na faɗa yadda duk wanda ke kusa ya ji, cewa akwai ’ya’yan kyanwa a ɗakin Kaka, tun Talata ba su sha nono ba.

Wani ya yi ’yar dariya, ya ce yau ranar addu'a ce, ’yammata. Kaka Ƙarami bai dube shi ba.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Kaka."

"Uwarki ta san kin fito?"

"Ta hana ni."

Ya tambaye ni yadda aka yi na sani, tunda ƙofa a kulle take. Na jera masa kamar ina amsa tambayar malami a aji: ranar da na taɓa cikin, kwanakin da suka rage, nonon, irin kukan, abin da na ji da kunnena. Na ce ba na roƙon a buɗe ƙofa, katakon ƙasa kawai, ita za ta shiga ta fito da su. Ya ce wa ya koya mini duk wannan. Na ce yayansa.

Sannan ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya miƙe, ya kira mahauta biyu su biyo shi. Mata suka ja gefe suna gyara mayafi. Inna na tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, ban iya kallonta ba. Ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa, ya zaro wuƙar da ke ƙugunsa, ya sa bakinta a bayan katakon. Ƙusoshin sun shiga sosai, shi ya buga su. Kafin katakon ya gama fita kyanwar ta kutsa ta ƙarƙashin hannunsa.

Ta fito da na farko a baki, ta kama shi ta ƙeya, ƙafafunsa na lilo. Ta kai shi bayan randa ta dawo. Na biyu ya fi ƙanƙanta, amma ya buɗe baki. Ta koma karo na uku, ta daɗe. Tsakar gida ta yi tsit, ana jin man waina yana ƙonewa a tanda. Da ta fito, babu komai a bakinta. Ta wuce bayan randa ta kwanta, biyun suka lalubi cikinta.

Kaka Ƙarami ya tambaye ni ko su nawa ne. Na ce ban sani ba, amma jiya kamar murya uku na ji. Na so in mayar da kalmar jiya cikin bakina. Bai nuna ya ji ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin. Ya ce wa mahautan biyu da Goggo su matso su zama shaida. Ya ce ni kaɗai zan shiga, kada in taɓa komai sai abin da ya kai ni.

Ɗakin yana nan yadda Kaka ya bar shi. Kofin kunun a gefen gado, hularsa a kan ƙusa, takalman kasuwa a jere. Na kwanta rub da ciki na jawo kwandon da ke ƙarƙashin gadon. Ashe Kaka ya shimfiɗa musu tsohuwar rigarsa ta aiki, ya ninka ta biyu. Ta ukun tana ciki, a kwance a gefe, idonta a buɗe kaɗan. Na ɗauke ta. Jikinta bai sandare ba tukuna, wuyanta ya lanƙwashe a kan yatsana. Na san abin da hakan ke nufi game da lokaci, yana cikin karatun da nake yi na jarrabawa.

Na fito na buɗe tafin hannuna a gaban shaidu. Kaka Ƙarami ya ce, kun ga abin da ta ɗauka. Suka ce sun gani. Ya jawo ƙofar ya mayar da kwaɗon. Ya ɗauki katakon daga ƙasa, ya juya shi, ƙusoshin huɗu suna tsaye a jikinsa, ya miƙa wa Goggo ya ce a sa a murhu.

"Ni na buga shi, ’yar nan," ya ce mini. "Je ki binne ta."

Na binne ta a bayan ɗaki, inda ƙasa ke da laushi saboda ruwan indararo. Ban gaya masa cewa tun safiyar Laraba na ji su ba, kuma sau biyu na durƙusa a gabansa na ce sannu kawai. Inna ce kaɗai ta sani, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Wannan rubutun ne wuri na farko da na faɗa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa abin da ya ciyar da marasa baki ya tarar da shi a can. Mu da muka rage, Allah ya yafe mana abin da muka jinkirta.